Ruwan Ranar Talata

Mu biyu mahaifinmu ya bari maza, ni da yayana, da mata huɗu a tsakaninmu. Mutanen garinmu suna cewa shi ya gaji karatun gidan, ni na gaji gonar. Ni ma fa na koyar a firamare har na yi ritaya, amma wa zai tuna da malamin firamare a gidan da ya fitar da alƙali? Ko a gaisuwa, sai an tambaye ni lafiyar alƙali kafin a tambayi tawa.

Gonar tana cikin filayen noman rani da ke tsakanin Kura da Bunkure. Ga wanda bai san wurin ba, ruwa yana tahowa ta babban kanal, ya shiga ƙarami, daga nan ya rabu layi-layi, kowane layi da gonakin da yake shayarwa. Mu bakwai ne a layinmu, tamu ce ta ƙarshe. In ruwa ya wadata, kowa ya jefa tiyonsa ya ja yadda ya ga dama. In ya yi ƙaranci sai a raba kwanakin mako, kowa da ranarsa. Tun mahaifinmu yana raye ranarmu Asabar ce. Na ƙarshen layi kuwa ko a ranarsa saura yake sha, domin kafin ruwan ya iso ƙasa ta tsotse nata, ciyawa ta tare nata, masu dogon hannu na tsakiya sun ɗan taɓa.

Yaya ya yi ban ruwa a layin nan yana saurayi, kafin karatu ya ɗauke shi zuwa Kano. Da ya gama karatun shari'a aka ɗauke shi magatakarda a wata ƙaramar kotu. Shekarunsa na farko rubutu ne kawai: mai ƙara ya ce, wanda ake ƙara ya ce, shaida ya ce. A kan wannan kujerar ya koyi sauraro. Sai mutum ya yi ta zuba, shi yana shiru, yana jiran maganar da ba ta zauna daidai ba. Daga baya aka naɗa shi alƙali, aka yi ta yawo da shi ƙauye-ƙauye, shekara biyu nan, uku can. Ya hau babbar kotu. A ƙarshe aka kai shi kotun ɗaukaka ƙara ta jiha, inda alƙalai suke zama tare su sake duba hukuncin da na ƙasa suka yanke.

Abin da na lura da shi shi ne, duk matakin da ya hau sai ya ajiye wani abu. Da ya zama alƙali ya daina karɓar goro a wurin suna. Da ya hau babbar kotu ya daina cin abinci a gidan biki, ya daina zaman majalisa da abokan da suka tashi tare. Da ya kai ɗaukaka ƙara kuwa, ko gaisuwa in ta yi tsawo sai ka ga yana duban agogo. Ba girman kai ba ne, na shaide shi a kan wannan. Tsoro ne. Ƙarar da ake kai musu can ta ko'ina take fitowa, don haka kowa a jihar nan yana iya zama mai ƙara, ko surukin mai ƙara, ko wanda mai ƙara ya aiko.

Wata rana wani bawan Allah ya kawo wa mahaifiyarmu zabbi biyu, wai ya taɓa karatu a zauren mahaifinmu. Tsohuwa ta yi ta sa albarka. Yaya ya zo ranar Juma'a ya ga zabbi ɗaure a tsakar gida, ya tambayi wanda ya kawo. Kafin la'asar an ɗora su a bayan babur an mayar da su har Dawakin Kudu. Tsohuwa ta yi kwana uku tana mita. Ta ce ita dai ta haifi ɗa, gwamnati ta mayar mata da shi mai gadin ƙofa. Bayan wata biyu aka ji mutumin yana da rikicin fili a gaban kotun da Yaya yake. Tun daga nan tsohuwa ta yi shiru, kuma tun daga nan cutar ta kama gidan gaba ɗaya.

Cuta nake kiranta, domin ba ni da wani suna da zan ba ta. Duk wanda ya yi mana alheri, kafin mu ce mun gode sai mun tambayi kanmu: yana da ƙara? Ni na fi kowa kamuwa. In mai babur ya kauce mini a kan gadar kanal, sai in tafi ina lissafa danginsa. In mai shayi ya ƙara mini madara, sai in dubi fuskarsa. Matata takan ce in na mutu na je lahira ma sai na tambayi mala'iku wa ya aiko su. Ina dariya, amma a raina ina jin daɗin abin, domin na ɗauki kaina katangar da ke kare sunan alƙali ta ɓangaren ƙauye.

Kuma ina da dalilin jin daɗi. A duk duniya abu ɗaya ne yake shiga gidan Yaya ba tare da tambaya ba, shi ne amfanin gonar mahaifinmu. Yana da rabonsa na gado a ciki, ni nake nomawa. Da kaka in kai masa shinkafa, da rani in kai masa albasa. Mutumin da yake mayar da zabbi, yake ƙin goro, in na shiga da buhu sai ya ce a kai kicin, shi ke nan. Hannuna kaɗai ya yarda da shi. Ba ni da mota, ba ni da muƙami, amma ina da wannan, kuma ban haɗa shi da komai ba.

Sai aka shiga wata shekara da ruwa ya yi wuya. Ana gyaran wani sashe na kanal, abin da ake sakowa bai taka kara ya karya ba, ga zafi ya shigo da wuri. Aka raba kwanaki. Albasata ta fara yin kai ke nan, lokacin da ta fi bukatar ruwa. Ranar Asabar in tsaya tun safe ina kallon ɗan siririn ruwa yana rarrafowa, kafin ya cika fangali uku rana ta raba. Ganye ya fara ƙonewa daga sama. Na san in aka ƙara mako biyu a haka, wahalar rani gaba ɗaya ta tashi a banza.

Gonar farko a layin ta wani dattijo ce, sa'an babban ƙanen mahaifinmu. Ranarsa Talata. Ba mutumin wasa ba ne. Mun sha faɗa da shi a kan ruwa, domin shi ne gwanin tare layi da buhun yashi ya ce iska ce ta turo shi. A shekarar tumatir ya shuka, tsutsa ta shiga ta cinye shi ƙurmus, ganye ya bushe kamar an bi shi da wuta. Kowa ya san wannan.

Ranar wata Litinin bayan sallar la'asar, ina neman takalmina a ƙofar masallaci, ya tsaya a kaina.

"Malam, gobe Talata."

"Haka ne, Baba."

"Ka je ka sa tiyonka. Ni ba abin da zan shayar sai kara."

Bai jira godiya ba ya wuce. Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Mutumin da ya yi shekaru yana satar mini ruwa, yau shi ke ba ni yini guda kyauta? Tambayar gidanmu ta taso mini nan take. Kuma a nan ne zan faɗi abin da na daɗe ban faɗa wa kowa ba. Na san yana da rikicin gado da 'ya'yan marigayi wansa a kan wata gona. Na san an je kotu, na ji an ce hukuncin bai yi masa daɗi ba. Abin da ban sani ba shi ne ko ya ɗaukaka ƙara. Sanin kuwa ba wuya zai yi ba. Limaminmu yana zaune a cikin masallacin, taku goma tsakanina da shi, kuma ba abin da ke faruwa a garin da bai sani ba. Na dubi ƙofar masallacin, na tuna da ganyen albasata. Na sa ɗaya takalmin na tafi gida.

Talata uku na sha ruwansa. Ruwan ya taho kai tsaye, ba mai taɓawa, domin duk layin ana shakkar dattijon. Albasa ta farfaɗo, ta yi kai manya-manya, har masu wucewa suna tsayawa. A mako na huɗu, a kasuwar Bunkure, ina cinikin taki, na ji wani yana cewa ai dattijon ya ɗaukaka ƙara tuntuni, takardu suna Kano. Na bar takin na dawo gida.

Daga ranar na sa masa ido. In ya gaishe ni sai in auna gaisuwar, ta fi ta jiya tsawo ko ta gajarta? In ya tambayi mutanen gida sai in jira ya ce, ya alƙali? Bai taɓa cewa ba. Mutumin da a da yakan tambayi alƙali kamar kowa, yanzu ko sunansa ba ya kamawa. Wannan ya fi damuna. Na ce a raina, wanda ba shi da nufi ai ba ya taka-tsantsan haka. Wata ran kuma in ce, to in yana da nufi me yake jira? Na rame a tsaye. Na yi niyyar buga wa Yaya waya sau da yawa, in ɗauko wayar in mayar aljihu. Na lallashi kaina da cewa ruwan banza ne, da ban sha ba ma wucewa zai yi ya faɗa magudana.

Aka cire albasa, ta sha iska, na zaɓi buhu biyu mafiya kyau na ɗora a mota sai Kano. Na iso da hantsi ranar Lahadi. Da ma ya ce a kai kicin kamar kullum, da wataƙila ba na rubuta wannan. Amma yana tsaye a tsakar gida lokacin da aka sauke. Ya kwance bakin buhu ɗaya, ya ɗauko albasa guda, ya juya ta a tafin hannunsa.

"Auta, an ce bana ruwa ya yi muku wuya."

"Ya yi wuya ƙwarai, Yaya."

"An raba kwanaki?"

"An raba."

"Har yanzu Asabar ce tamu?"

"Ita ce."

"Ta maƙwabcinka na shida fa, ya ta yi?"

"Rabi ta ƙone."

Ya saurare ni irin sauraron nan nasa na kujerar magatakarda. Ya sake auna albasar a hannu.

"Na yi ban ruwa a ƙarshen layin nan kafin ka iya ɗaukar tiyo," in ji shi. "Albasar da take shan ruwan Asabar kaɗai ba ta yin wannan kai. Ruwan wa ta sha?"

Na faɗa masa. Na yi sauri na ƙara da maganar tsutsa, da cewa dattijon ba shi da abin shayarwa, da cewa lokacin da ya ba ni ban san ya ɗaukaka ƙara ba. Duk gaskiya ne. Ya bar ni na gama.

"Ku nawa ne masu albasa a layin?"

"Mu huɗu."

"Duk tana ƙonewa?"

"Duk."

"To me ya sa kai?"

Ya mayar da albasar cikin buhu, ya ɗaure bakin da hannunsa. Ya ce fayil ɗin dattijon yana kan teburinsa, yana cikin waɗanda za su saurari ƙarar, har ya karanta. Ya ce gobe zai rubuta wa shugaban kotun ya cire hannunsa daga shari'ar, kuma zai faɗi dalili. Ya ce rabonsa na albasar bana in bayar da shi ga mabukata. Duk wannan na haɗiye. Sai ya ƙara abin da ban zata ba.

"Daga yau kada ka sake kawo komai daga gonar nan har in bar aiki."

"Haba Yaya! Gonar ubanmu ce fa. Ni ne fa."

"Na san kai ne. Ban ce ka ci amana ba. Amma yanzu an gane ƙofar, kuma ba zan iya zuwa duk Talata in tsaya a bakin layi ba."

Matarsa ta fito tana ba shi haƙuri, ta ce ko guda biyar a ɗiba don miya. Ya ce ko ɗaya. Aka mayar da buhunan mota. Ban tsaya cin abinci ba. Tun daga Kano har gida ina zaune kusa da albasar nan, raina yana tafasa. Na ji an yi mini abin da aka yi wa mai zabbi, ni da na yi shekaru ina gadin sunansa ba albashi. Na yi fushi, na kuma ji kunya, kuma fushin ya fi sauƙin ɗauka, don haka shi na riƙe.

Washegari na sami dattijon a gonarsa yana tuge karan tumatir. Ko gaisuwar kirki ban yi masa ba.

"Baba, tsakaninka da Allah, me ya sa ni ka ba ruwan nan?"

Ya miƙe a hankali, ya dafa ƙugu, ya dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Au, abin da ya kawo ka ke nan?"

"Alƙali ya cire hannunsa daga shari'arka saboda shi."

Na zuba masa ido in ga ko fuskarsa za ta nuna wani abu. Ba ta nuna ba.

"Malam, na roƙe ka wani abu?"

"A'a."

"Na aike ka wurin wani?"

"A'a."

"To ruwa ya riga ya shiga gonarka. In haram ne, ka kwashe albasar ka zuba a kanal. Ku gidanku mutum ba shi da ikon yi muku alheri sai an sa shi rantsuwa. Tafi ka ba ni wuri."

Ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa. Na tafi ina juya maganar. Bai ce yana da nufi ba, amma bai ce ba shi da shi ba. Haka mai gaskiya zai amsa in an ci masa mutunci. Haka kuma mai wayo zai amsa in dabararsa ta watse.

Shari'ar ta ɗauki ƙarin watanni kafin a haɗa wasu alƙalan su zauna. Gonar da ake rikici a kanta ta yi damina guda ba wanda ya shuka ko ƙwaya. Da hukunci ya fito, an gyara rabon, an mayar wa dattijon wani yanki. Matata ta ce ka gani, mutumin da yake da gaskiya me zai saya? Na ce mata masu gaskiya ma suna saye, don tsoro. Dattijon dai bai ƙara yi mini magana ba. In mun haɗu a masallaci sai ya canza sahu. Bayan damina biyu ya rasu, na tsaya a sahun baya wajen jana'izarsa, ban san ko gafararsa ya kamata in nema ba ko ni ya kamata in yafe.

Ni da Yaya ba mu yi gaba ba. Muna gaisawa, ina zuwa da salla hannu rabbana, in zauna a falo kamar baƙo. Shekara shida aka yi haka. Da ya yi ritaya aka shirya masa taron ban kwana, manyan alƙalai da lauyoyi suka yi ta tashi suna yabon tsabtar hannunsa. Ina can baya ina tafi tare da kowa. Gaskiya suka faɗa, amma tafin nawa bai kai zuci ba.

Bayan sati biyu ya zo gida. Da safe ya ce in raka shi gona. Muka bi bakin layi tun daga farko, yana tafiya a hankali saboda gwiwa. Ya tsaya a gonar dattijon, wadda 'ya'yansa suke nomawa yanzu, ya yi masa addu'a. Muka ƙarasa tamu. Ya zauna a kan gaɓar layi da babbar rigarsa, abin da ban taɓa zaton zan sake gani ba.

"Dattijon nan ya taɓa yi maka maganar shari'ar?" ya tambaye ni.

"Ko sau ɗaya."

"Da na zauna, hukuncin da aka yanke shi zan yanke. Na gani tun a fayil. Da an ce ruwa ne ya saya masa, ya shiga kabari da wannan, ni ma haka." Ya waiga wajen gonar dattijon. "Wataƙila mutumin nan alheri kawai ya yi. Ina yawan tunaninsa."

Na ga dama ta samu, na sauke abin da na ɗauka shekara shida. Na ce shi dattijo ka yi masa uzuri, ni fa? Ni da ban san komai ba ka rufe mini ƙofa kamar ɓarawo.

Ya ɗago ya dube ni, ba da fushi ba.

"Auta, ranar da ya ce ka sa tiyo, ba ka san komai ba? Ko kaɗan?"

Na buɗe baki in ce ban sani ba, kamar yadda na faɗa wa matata, na faɗa wa 'yan'uwanmu mata, na faɗa wa kaina. Maganar ta ƙi fita. Na tsaya ina kallon ruwan da ke bin layi. Ya jira ni har ya tabbata ba abin da zai fito.

"Na sani tun a tsakar gidana," in ji shi. "Ban tambaye ka a ranar ba don kada in sa ka yi mini ƙarya." Ya miƙo hannu in tashe shi. Da ya tsaya bai saki hannuna ba. "Ni ma da ni ne a nan ina kallon albasata tana ƙonewa, ban san abin da zan yi ba. Tun da na tafi ban sake tsayawa a wurin ba. Kai na bari kake tsaya mini."

Muka juyo gida ta bakin layi, yana dafe da kafaɗata saboda hanyar ba ta da faɗi.